Hawa Tasi da Keke Napep a Maiduguri: Abin da Ya Kamata Fasinja Ya Sani

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin Dandal, filin da ke gaban fadar Shehun Borno, zai ga yadda rayuwar unguwar Shehuri ta rataya a wuyan abin hawa na haya. Ga ɗan kasuwa zai tafi Monday Market, ga ɗaliba za ta Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, ga tsohuwa za a kai ta Asibitin Koyarwa, kuma kusan dukkansu hannu suke ɗaga wa keke napep ko tasi. Kowannensu yana miƙa ransa da dukiyarsa ga mutumin da sau da yawa bai taɓa gani ba. Mafi yawan waɗannan tafiye-tafiye lafiya ake gama su, domin galibin direbobi magidanta ne masu neman halaliyarsu. Sai dai 'yan kaɗan da ke ƙarewa da asara ko rauni, idan aka bi diddiginsu, za a tarar tun a bakin titi aka yi kuskuren, a cikin ɗan lokacin da ke tsakanin tsayawar abin hawa da shigar fasinja.

Yadda keke ya gaji acaɓa

Kafin shekarar 2011, acaɓa ne ke riƙe da sufurin cikin garin Maiduguri. A watan Yulin wannan shekara gwamnatin Kashim Shettima ta haramta hawa babur a birnin da kuma ƙaramar hukumar Jere, bayan da 'yan Boko Haram suka mayar da shi abin kai harin sari-ka-noƙe a kan jami'an tsaro da malamai da masu unguwanni. Keke mai ƙafa uku ne ya cike gurbin. Sunansa ya samo asali ne daga shirin yaƙi da talauci na NAPEP da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa a 2001. A Legas kuwa an riga an san shi da sunan Keke Marwa, domin a zamanin mulkin Buba Marwa a can, tsakanin 1996 da 1999, ya yaɗu. Shi Marwan kuma ya taɓa zama gwamnan soja na Jihar Borno daga 1990 zuwa 1992. Kano, inda ake kiransa A Daidaita Sahu, ta bi irin wannan hanya: an hana acaɓa a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero.

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, sai gwamnatin Babagana Umara Zulum ta shigo da motocin bas da kuma tasi masu amfani da lantarki, waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar a Maiduguri a watan Disambar wannan shekara. Duk da haka keke ne ke shiga lungunan tsohon gari kamar Shehuri, Hausari da Gwange, inda bas ba ta iya juyawa. Saboda haka maganar tsaron fasinja a wannan gari dole ta haɗa tasi da keke a wuri guda.

Kafin a sa ƙafa

Abu na farko shi ne inda ake hawa. A tsohuwar unguwa irin Shehuri akwai wata gata da mazauna manyan birane suka rasa, wato sanayya. Direban da ke lodi a matsaya ɗaya kullum, 'yan kamasho sun san shi, mai shayin gefe ya san shi, wataƙila ma liman ya san mahaifinsa. Irin wannan mutum ba ya cutar fasinja ya dawo gobe ya tsaya a wuri guda. Wanda ya ɓullo daga wani wuri, ya taka birki a gabanka tun ba ka ɗaga hannu ba, ya kuma karɓi kowane kuɗi ka taya ba tare da ciniki ba, shi ne ya cancanci kallo na biyu. Tafiyar minti uku zuwa matsayar da aka sani ta fi arahar naira ɗari a bakin lungu.

Sai lamba. Dokar rajistar ababen hawa a Nijeriya ta bambanta su da launi: lambar motar haya jan rubutu ce, ta motar gida shuɗi, ta gwamnati kuma kore. A tsarin lambobin da ake amfani da shi yanzu, haruffa ukun farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajistar. MAG, alal misali, na Maiduguri ne. Motar da ke ɗaukar fasinja da shuɗin lamba ba lallai ne ta ɓarayi ba ce, domin ma'aikata da yawa suna kabu-kabu da motocinsu bayan tashi daga ofis, amma babu tasha ko ƙungiyar da za ta amsa sunanta idan wani abu ya faru. Wadda ba ta da lamba ko kaɗan, ko aka shafe lambar da laka, ko aka lanƙwasa ta, babu dalilin shigarta. Kekuna masu rajista da ƙungiya ko hukuma kan ɗauki wata lambar da aka rubuta da fenti a jiki, wadda ta fi sauƙin karantawa da haddacewa. Ɗaukar hotonta ko tura ta a saƙon waya ga wani na gida ba ya cin daƙiƙa goma, kuma yin hakan a gaban direba ba rashin kunya ba ne. Direban kirki ba zai damu ba. Wanda ya fusata ya riga ya ba ka amsa.

Daga nan sai a leƙa ciki. A tasi, a duba ko hannun buɗe ƙofa na ciki yana nan kuma yana aiki, da ko gilashi yana sauka. Gilashi mai duhu a motar haya abin gudu ne. A kalli mutanen da ke zaune: idan mota ta cika da maza majiya ƙarfi, saura gurbi ɗaya tak, kuma wani ya fito domin ka shiga tsakiya, to a bar ta ta wuce. Direban ma a dube shi, a kuma yi masa magana ko da tambayar kuɗin mota ce. Jajayen idanu, lauyewar harshe da rawar jiki alamu ne da kowa ya sani a garin da ya sha fama da matsalar ƙwaya irin su tiramol. Haka kuma yaron da bai kai shekara 18 ba, wanda doka ba ta ba shi lasisin tuƙi ba, bai kamata a ɗora masa ran iyali ba, komai ladabinsa.

Yadda 'yan wan-cans ke aiki

Sunan ya fito ne daga kiran da yaran mota ke yi a Legas idan saura kujera ɗaya mota ta cika. Daga baya ya zama sunan fashin da ake yi da motar haya ta bogi, inda direba da “fasinjojin” duk bakinsu ɗaya. Abuja da Legas ne suka fi yin ƙaurin suna a kansa, amma dabarar ta bazu zuwa sauran birane, ta kuma sauko daga tasi zuwa keke. A Maiduguri ma, a shekarar 2023 gwamnatin jiha ta umarci jami'an tsaro su murƙushe wani gungun matasa da ake kira Marlians, waɗanda aka zarga da ƙwacen waya da tare mutane.

Salonsu kala-kala ne, amma sanin guda uku ya isa ya buɗe wa mutum ido. Akwai na ƙofa: a zaunar da fasinja a gaba tare da wani, direba ya yi ta cewa ƙofar ba ta rufu ba, a ja ta, a sake bugawa, a matsa, a gyara zama. Yayin da hankalinsa ke kan ƙofa, na kusa da shi ya zare waya ko kuɗi daga aljihu. Da sun gama sai direba ya ce ba zai iya tafiya da ƙofa a haka ba, ya sauke shi, wani lokaci har ya ƙi karɓar kuɗin mota. Akwai na kwaɗayi: biyu daga cikin fasinjoji su fara gardama a kan wata jaka da ke but wadda wai cike take da kuɗin ƙasar waje, direba ya yi barazanar kai su wurin 'yan sanda, a ƙarshe a nemi shawararka, a yi maka tayin kaso. Duk wanda ya sa baki a wannan hira ya kama hanyar gidan boka na ƙarya, inda za a raba shi da abin da ya mallaka. Na uku shi ne mafi muni: a kauce hanya, a fito da wuƙa ko bindiga, a karɓi waya da katin cirar kuɗi, a tilasta wa mutum faɗin lambar sirri, a kwashe asusunsa da na'urar POS da suke tafe da ita, sannan a jefar da shi a inda babu jama'a.

Na farko da na biyu ana tsira daga gare su da natsuwa kawai: hannu a kan aljihu, baki a rufe, a nemi sauka a wuri mai jama'a. Na uku kuwa, idan har an kai ga fito da makami, shawarar da jami'an tsaro ke bayarwa ita ce kada a yi kokawa. Waya da kuɗi ana mayar da su. Abin da ke da amfani a lokacin shi ne riƙe abin da ido ya gani: fuska, tabo, harshen da suke yi, sunan da suka kira juna da shi, da hanyar da aka bi. Shirin gaskiya tun a gida ake yinsa. Mai asusu biyu ya fita da katin wanda ba shi da kuɗi da yawa. A rage adadin da za a iya turawa a rana ɗaya ta manhajar banki. A haddace lambar da bankin mutum ya tanada domin toshe asusu daga kowace waya, a kuma rubuta lambobin mutum biyu na gida a takarda, domin yawancinmu yanzu ba mu san lambar kowa da ka ba, kuma wanda aka ƙwace wa waya a bakin hanya da wayar wani zai nemi taimako.

Haɗarin da aka saba da shi

Labarin fashi ya fi yawo a bakin mutane, amma haɗarin mota ya fi shi cin rayuka nesa ba kusa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗuran hanya duk shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a. Hukumar ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. A nan ne al'adar cusa mutum biyu a kujerar gaba ta tasi ke zama ganganci: kujera ɗaya ce, bel ɗaya ne, kuma na tsakiya yana zaune ne a kan giya da birkin hannu. Idan hali ya yi, biyan kuɗin kujerar gaba ɗaya ya fi.

Keke an ƙera shi ne domin mutum uku a baya. Na huɗu da ke raɓe a gefen direba yana takura hannun da ke riƙe da kan keken, kuma shi ne farkon faɗowa. Abin hawa ne mai ƙafa uku, marar ƙofa, marar nauyi, mai saurin kifewa idan aka sha kwana da gudu ko aka yi masa lodi a gefe ɗaya. Yaro ƙarami a tsakiya ake sa shi ko a cinya, ba a bakin ƙofa ba. Mata masu lafaya ko dogon mayafi su tattara gefen tufafinsu zuwa ciki, domin tayar baya tana dab da wurin zama, kuma abin da ta kama ba ta saki. Haka ma mai babbar riga. Jaka a ajiye ta a tsakanin ƙafafu, waya kuma a bar ta a aljihu har a sauka, musamman a cunkoson Monday Market, shataletalen Post Office da kewayen Kwastam, inda keke ke tafiyar hawainiya kuma hannu daga waje ke iya kaiwa ciki.

Ƙa'idar hanya ta ƙayyade wa tasi da bas gudun kilomita 50 a awa ɗaya a cikin gari. Amma babu jami'in Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ko na hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, BOTMA, da zai zauna a cikin kowace mota. Fasinja ne ke ciki. Abin mamaki, mutumin da zai yi minti biyar yana jayayya a kan canjin naira hamsin, sai ya yi tsit direba na sheƙa gudu da shi a hannun da ba nasa ba, yana kuma amsa waya. Kunya da kawaici halaye ne masu kyau, amma nan ba muhallinsu ba ne. “Malam direba, don Allah sassauta” ta isa a mafi yawan lokuta, kuma da zarar mutum ɗaya ya furta, sauran sukan mara masa baya. Idan ya ƙi ji, a biya shi a sauka. Haka nan kada a yarda a zauna tare da jarkar fetur ko tukunyar gas a cikin abin hawa, balle a garin da zafinsa kan haura maki 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Kayan da ba a san mai su ba

Wannan darasi ne da mutanen Maiduguri suka koya da tsada. A ranar 7 ga Maris, 2015, an tayar da bama-bamai a kasuwar kifi ta hanyar Baga da Monday Market da kuma tashar Borno Express, inda fiye da mutum 50 suka rasu. Wuraren hada-hadar fasinja ne aka nufa. Al'amura sun yi sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da waɗancan shekaru, amma ƙa'idar da aka koya tana nan: kada a karɓi saƙo ko ƙunshi daga wanda ba a sani ba domin a kai wa wani, kada a riƙe wa baƙo jaka “kafin ya dawo”, kuma idan fasinja ya sauka ya bar kaya, a sanar da direba nan take, a nisanci kayan, a kira jami'an tsaro maimakon a buɗe. Ko ba abin fashewa ba ne, ƙunshin na iya zama ƙwaya, kuma a shingen bincike wanda aka samu da kaya a hannu shi ne mai kaya.

A shingen sojoji, 'yan sanda ko 'yan sa-kai na Civilian JTF, waɗanda suka fito a garin tun 2013, abin da ake so ga fasinja kaɗan ne: katin shaida a kusa, hannuwa a bayyane, a ajiye waya, a bar ɗaukar hoto, a kunna fitilar cikin mota idan dare ne.

Lokaci da yanayi

Ga mai fita daga gari, agogo yana cikin kayan tsaro. A daren 9 ga Fabrairu, 2020, matafiya da dama suka isa Auno, kimanin kilomita 25 daga Maiduguri a kan hanyar Damaturu, bayan an rufe ƙofar shiga gari da yamma. Suka kwana a cikin motocinsu a bakin hanya, 'yan bindiga suka auka musu, aka kashe aƙalla mutum 30, aka ƙona motoci. Lokutan buɗe hanya da rufe ta suna sauyawa gwargwadon halin tsaro, don haka a tasha ake tambayarsu a ranar tafiya. Mai zuwa Damaturu, Potiskum ko Kano ta Jakana, Mainok da Benisheikh ya yi sammako, mai tahowa kuma ya lissafa tafiyarsa yadda zai shigo da rana tsaka. Idan direba ya makara a lodi, kwana a garin da ake ya fi kwana a hanya.

Irin wannan tafiya daga tasha ake fara ta, ko Borno Express, ko Tashar Kano, ko Tashar Bama, ko Muna Garage, gwargwadon inda aka nufa. Amfanin tasha shi ne takardar sunayen fasinjoji, inda ake rubuta suna da lambar wani ɗan'uwa. Mutane da yawa suna rubuta sunan ƙarya ko su bar gurbin lambar fayau, alhali da wannan takarda ce ake neman dangin wanda ya suma a asibiti. Kafin mota ta tashi, a zaga a dubi tayoyinta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. FRSC na gargaɗin cewa tayar da ta wuce shekara huɗu ta tsufa ko da zanenta bai goge ba, kuma kwalta mai zafi ba ta yi wa tsohuwar taya uzuri.

Damina ma tana da nata. A ranar 10 ga Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ruwa ya mamaye sassa da yawa na Maiduguri, ciki har da Shehuri da fadar Shehu da Monday Market da Gwange, irin ambaliyar da rabon garin da ganinta tun 1994. Ko a ruwan sama na yau da kullum, titin da ruwa ya rufe yana ɓoye ramuka da bakin kwata. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, balle keke. Direban da ya ce “za mu wuce” hasashe yake yi, kuma fasinja na da ikon sauka kafin a gwada.

Da daddare kuwa, mafi aminci shi ne mutum ya kasance da lambar direba ɗaya ko biyu da ya sani, ya kira su shata, musamman mace ko mai ɗauke da kuɗin ciniki. Wanda ya ɗauki shata kada ya yarda a ƙara masa wani fasinja a hanya, ko da an ce ƙanen direba ne. Wasu jihohi sun ɗauki matakin doka a kan wannan: a watan Yulin 2022 gwamnatin Kano ta hana zirga-zirgar A Daidaita Sahu daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda dalilan tsaro. A biranen da ake kiran mota ta manhajar waya kamar Bolt da Uber, a gwada lambar motar da fuskar direba da abin da wayar ta nuna kafin a shiga, kuma kada a yarda da tayin kashe manhajar a yi ciniki a gefe, domin da an kashe ta babu sauran wata shaidar tafiyar.

Idan abin ya faru

Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta FRSC kuma 122, duka kyauta ne. Wanda aka yi wa fashi ya fara da toshe asusun banki da layin waya, domin da layin ake shiga asusun, sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya kuma sanar da shugabannin ƙungiyar direbobi na matsayar da ya hau, waɗanda sau da yawa sukan gane keke daga lambar jikinsa ko ma daga rubutun da ke bayansa. Ta wannan hanya ce kuma ake samun kayan mantuwa.

Wanda ya ji rauni a kai shi asibiti kai tsaye, ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko Asibitin Umaru Shehu da ke Bulumkutu, duk wanda ya fi kusa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, kuma wata dokar ta 2017 ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Wajen ɗaukar wanda ya yi haɗari, idan yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a naɗe shi a cusa a keke. A kwantar da shi a miƙe a kan abu mai tauri kamar katako ko ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa har a isa.